Kwamfutar da ta ƙi karɓar Windows: nazarin wani gyara a Tahoua

Kwamfutar HP EliteBook 840 G3 ce, ƙirar 2016, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamarwa bayan sun ci moriyarsu, su biyo kwantena su ƙare a shagunan Yamai. Mai ita ɗalibi ne a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tahoua, yana shekarar ƙarshe ta lisans, yana tsaka da rubuta memwar ɗinsa, wato kundin binciken kammala karatu, a kan cinikin albasar Galmi. Yayansa ne ya saya masa ita a Yamai, ya aiko da ita a bas. A watan Mayu na 2025 ta iso shagona, kuma idan an kunna ta ba abin da take nunawa sai baƙin allo da rubutun cewa ba ta ga diskin da za ta tashi da shi ba, da lamba 3F0 a ƙasa.

Abin da ke cikinta: Core i5 na ƙarni na shida, diski mai juyawa na 500 GB, da RAM 8 GB, wato ƙwaƙwalwar da inji ke riƙe aikin da yake yi a lokacin, a kan ƙananan alluna biyu da ake kira baret, masu 4 GB kowanne. Batirinta ya gaji, da kyar yake kai ta ƴan mintoci idan an ɗauke wuta.

Kafin in taɓa ko da kusa ɗaya na sa ɗalibin ya zauna ya ba ni labari tun daga tushe, domin kwamfutar da ta riga ta bi ta hannun wani mai gyara ciwo biyu take zuwa da shi: nata na asali, da wanda aka ƙara mata.

Na asalin ya daɗe. Tun makonnin farko da ya fara aiki da ita, lokaci-lokaci sai allo ya rikiɗe shuɗi ta sake tashi da kanta. Wata rana Word ya rufe ba sallama, wata rana Chrome. Sau da yawa fayil ɗin da ya ajiye jiya lafiya lau, yau ya ƙi buɗuwa, Word ya ce ya lalace. Ya ce abin ya fi tsananta da rana tsaka. Allah ya sa ya ɗauki hoton shuɗin allon da wayarsa a lokuta dabam-dabam, na ce ya nuna mini. Ɗaya MEMORY_MANAGEMENT, wani kuma IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, na uku wani suna ne dabam. Wannan sauye-sauyen kaɗai ya isa ya sa mai gyara ya ɗaga kunne. Idan direban wata na'ura ce, wato manhajar da ke tafiyar da ita, ta sami matsala, yawanci kuka iri ɗaya kwamfutar ke yi kullum. Idan kukan yana sauyawa, yau nan gobe can, a fara zargin kayan ƙarfen da ke ciki, kuma na farko a layi RAM ce.

Abokansa a jami'a sun yanke hukunci tun tuni: virus ne, a yi mata fomat. Sai ya kai ta wajen wani saurayi mai tura waƙoƙi da finafinai a katin waya, wanda ke haɗawa da sa Windows daga kilen USB a kan jaka biyu.

Na ce ɗalibin ya kira shi, ya kuwa zo ba gardama. Yaro ne mai ladabi, kuma bai ɓoye komi ba.

"Ƙanena, da ka sa kile ɗinka, mi tac ce maka?"

"Malam, tac ce ba ta iya sa Windows bisa wanga diski, wai GPT na."

"Sai ka yi mi?"

"Sai nid duba wani bidiyo ga waya, mutumin yac ce a shiga diskpart a rubuta clean. Da nir rubuta kuwa ta amsa, ta hwara aiki. Amma Malam sai da nik kwashe mishi kayanshi duka ga kile tukuna, wallahi."

Ya kwashe ɗin, ba ƙarya ya yi ba. Za mu zo kan kilen.

Abin da saƙon GPT yake nufi

A nan aka yi ɓarnar da ta fi kowacce, saboda haka bari in ɗan zauna a kai. Kwamfuta tana da hanyoyi biyu na tashi. Akwai tsohuwar hanya ta BIOS, wadda sababbin injuna ke kira Legacy, tana tafiya da tsarin raba diski mai suna MBR, wanda ke nan tun 1983, ba ya wuce 2 TB, ba ya ɗaukar manyan ɓangarori fiye da huɗu. Akwai kuma UEFI, mai tafiya da tsarin GPT. Ka'idar Windows mai sauƙi ce: idan kilen girkawa ya tashi ta Legacy, sai a kan diskin MBR zai girka, idan ya tashi ta UEFI, sai a kan GPT. Injunan shekarun 2013 zuwa 2019 galibi suna iya hanyoyin biyu, shi ya sa rikicin ya fi yawa a kansu, kuma su ne suka cika kasuwarmu.

Diskin ɗalibin GPT ne, lafiyarsa ƙalau, da ɓangaren C inda Windows yake da ɓangaren D na ajiya. Kilen saurayin ne aka haɗa shi da manhajar Rufus don Legacy kaɗai, saboda yawancin injunan da ake kawo masa tsofaffi ne. To saƙon da ya gani ba cewa yake diski ya lalace ba. Cewa yake an shigo ta ƙofar da ba ita ba. Maganinsa a sake haɗa kilen a zaɓi GPT da UEFI, ko kuma, idan kilen mai hanya biyu ne, a danna Esc sannan F9 a HP, a zaɓi sunansa da ke ƙarƙashin UEFI. Aikin ƴan mintoci, ba tare da an goge ko hoto ɗaya ba. Da an bi haka, an iya sa sabon Windows a ɓangaren C a bar ɓangaren D yadda yake, har ma tsofaffin fayilolin C su koma cikin dosiye mai suna Windows.old idan ba a yi wa ɓangaren fomat ba.

Bidiyon da ya kalla ya koya masa ɗaya hanyar: Shift da F10, diskpart, select disk 0, clean. Umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Kana danna Enter, cikin daƙiƙa biyu C da D da ƙananan ɓangarorin tashi duk sun ɓace daga gani. Masu yin waɗannan bidiyoyi a kan fankon diski suke gwadawa, ba abin da za su rasa, kuma da wuya su tsaya su faɗi abin da kalmar nan take yi wa diskin da ke ɗauke da aikin shekara guda.

Sai girkawa ta fara. Ta wuce kwafar fayiloli, ta shiga matakin shirya su, lambar ɗari bisa ɗari tana hawa, sai ta tsaya cik: Windows ba zai iya girka fayilolin da ake buƙata ba, lamba 0x8007025D. Ya sake. Ta tsaya a wani wuri dabam, wannan karon da 0x80070570. Haka ya yini yana maimaitawa, wani zubin ta tsaya a ashirin da wani abu, wani zubin ta haura sittin har ya fara murna. Ya sauya ramin USB, ya aro kilen wani abokinsa mai Windows 11, duk kanwar ja ce. Kowane zubi kuwa yana rubuta gigabait da yawa a kan diskin da aikin ɗalibin ke kwance a ƙarƙashi. Da magariba ya mayar masa da jaka biyunsa, ya ce diski ne ya mutu.

Ceto kafin gyara

Ban kunna kwamfutar da diskin a ciki ba. Na kwance marfin ƙasa, na zare batiri, na ciro diskin na sa shi a akwatin USB, na haɗa da injin shago. Dalili biyu: kada a ƙara rubuta komi a kansa, kuma injin da nake zargin RAM ɗinsa ba shi ne za a ba amanar kwafar fayiloli ba, don abin da ya bi ta cikinsa yana iya fita a gurɓace.

Bayanan lafiyar diski, waɗanda ake kira SMART, sun wanke shi nan take. Layi na 05, mai ƙirga sassan da suka mutu aka maye gurbinsu, sifili. Layi na C5, mai ƙirga waɗanda ake shakka a kansu, sifili. Ya yi aiki na sa'o'i masu yawa a rayuwarsa ta Turai, amma bai mutu ba. Na ɗauki hotonsa, wato kwafinsa kacokan, da manhajar ddrescue zuwa wani babban diski, na mayar da shi aljihun tebur. Duk binciken da ya biyo baya a kan hoton aka yi.

Tukuna sai kilen da aka kwashe kaya a ciki, tun da idan yana da lafiya magana ta ƙare. Ɗalibin ne ya saye shi a tasha ranar da za a yi fomat, 64 GB a rubuce a jikinsa, a kan kuɗin da ko rabin na gaske bai kai ba. Da na buɗe, komi yana nan a ido: dosiyoyi, sunayen fayiloli, girmansu, kwanan wata. Finafinai da waƙoƙin farko suna buɗuwa. Memwar kuwa, Word ya ce bai gane shi ba. Na leƙa cikin fayil ɗin da manhajar da ke nuna ainihin lambobin da aka rubuta, sai sifili tun daga sama har ƙasa. Bayan na kwafe abin da zai kwafu, na gwada kilen da H2testw, wanda ke cika shi da bayanai sannan ya karanta ya ga nawa suka dawo daidai. Abin da ya dawo bai cika 8 GB ba.

Yadda ake wannan ha'inci shi ne a ɗauki ƙaramin kile a sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, ya riƙa gaya wa kwamfuta cewa shi 64 GB ne. Kwamfuta ba ta musu. Tana tura masa kaya yana cewa ya karɓa, jerin sunaye yana cika daidai domin a farkon kilen yake zaune, amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa ya tafi ke nan. Wasu ma sukan koma su take na farko. Saurayin da dosiyen finafinai ya fara, da yake nan hannunsa ya saba. Kafin a zo kan takardun karatu, wuri na gaske ya riga ya cika. Ya ga layin kwafa ya kai ƙarshe, ya ga sunaye, ya gamsu. Da ya buɗe fayil biyu ko uku daga cikin kilen kafin ya rubuta clean, da ya gani.

Saura diskin. Abin da clean ke gogewa shi ne teburin da ke faɗin inda kowane ɓangare ya fara da inda ya ƙare. Kamar a ƙona rajistar filaye ne a ofishin magajin gari: takarda ta tafi, gidaje suna nan tsaye a unguwa. Wanda ke bin diski gaba ɗaya yana shafe shi da sifili shi ne clean all, kuma Allah ya taimaka bidiyon bai koya masa wannan ba. Ya kuma taimaka da diskin ya zama mai juyawa, domin a kan SSD, sabon nau'in diski mara juyawa, da zarar an yi fomat, umarnin TRIM yakan sa a share wuraren da aka saki, ceto ya yi wuya ƙwarai.

TestDisk, manhajar kyauta ta Christophe Grenier, ita na sa ta bi hoton diskin da bincike mai zurfi. Ta gano tsohon ɓangaren D a rabin diski na biyu, da sunansa da komi, domin girke-girken saurayin duk a farkon diski suka yi ta rubutu, ba su kai can ba. Na danna P, sai ga jerin dosiyoyi: darussa na PDF, hotunan gonakin albasa da rumbunan ajiya, muryoyin hirar da ya yi da dillalai da manoma, da wani tsohon kwafin teburin Excel. Duka suka fito lafiya. Ɗalibin ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya tambayi memwar.

Memwar a kan allon farko yake ajiye shi, wato a C, kamar yadda kusan kowa ke yi.

C kuwa ta sha wuta. Babban jerin fayilolinta, wanda NTFS, tsarin ajiyar fayiloli na Windows, ke kira MFT, yana cikin wuraren da sabon Windows ya taka. Ba sunaye, ba dosiyoyi. Abin da ya rage shi ne PhotoRec, abokiyar tafiyar TestDisk, wadda ba ruwanta da jeri: tana bin diski sashe-sashe tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Fayilolin Word da Excel na zamani a cikinsu zip ne, don haka na taƙaita binciken a kan wannan dangi, in ba haka ba ta tara mana dubban ƙananan hotunan intanet. Ta fito da ɗaruruwan fayiloli masu sunaye irin f da dogayen lambobi. Ba mai iya tantance su sai mai su. Na ba shi kujera da injin shago, ya zauna yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, fanka tana kaɗa masa iska mai zafi, yana ware na kwas dabam, na abokai dabam, nasa dabam.

An sami kwafin memwar da dama, na lokuta dabam-dabam. Waɗansu ba su buɗu ba, ko don an taka wani yanki nasu, ko don tun ranar da aka ajiye su a gurɓace suka sauka. Mafi sabunta da ya buɗu yana da gabatarwa da babi na ɗaya da na biyu cikakku, da shafukan farko na babi na uku. Sauran babi na uku, inda sakamakon bincikensa yake, babu.

Na tambaye shi ko ya taɓa aika wa wani. Ya ce a'a. Can ya yi shiru, ya ciro waya. Ashe makonni biyu kafin fomat ya tura wa malamin da ke duba aikinsa babin ta WhatsApp, a PDF, kuma yana nan cikin hirar. Ba shi ne na ƙarshe ba, amma ya ɗauke masa mafi yawan wahala. Teburin Excel da aka ceto ba shi da rukunin ƙarshe na amsoshin tambayoyi. Takardun da ya cike da hannu a Galmi suna cikin jakarsa, sai dai ya sake shigar da su. Abin da ya tafi ba dawowa shi ne gyare-gyaren makonni biyun ƙarshe da jerin littattafan da ya duba, wanda a fayil dabam yake.

Neman ciwon asali

Abubuwa uku ke sa girkawa ta tsaya da irin waɗancan lambobi: kilen girkawa, diskin da ake girkawa a kai, ko RAM. Hanya ita ce a sauya abu ɗaya a bar sauran, a gani.

Kilen saurayin abin zargi ne da kansa. Windows ɗin da ke ciki irin wanda wasu ke yanke wa sassa ne su cusa masa manhajar satar lasisi, su watsa a intanet da sunan mara nauyi. Ba na sa wa kowa irinsa, domin ba ka san me aka ƙara a ciki ba. Ko na asalin ma, fayil ne na fiye da 5 GB, kuma da irin layinmu mai yankewa yana iya saukowa da rauni ba a sani ba. Nawa na shago daga shafin Microsoft na sauke shi, na gwada lambar tantancewarsa ta SHA-256 da wadda suka wallafa, ta yi daidai, kuma ya girka injuna da yawa ba tangarɗa. Na sa SSD ɗin gwaji a kwamfutar, na tashe ta ta UEFI da wannan kilen. Kile mai kyau, diski mai kyau. Ta tsaya da 0x8007025D. Na sake, ta tsaya a wani wurin.

Wurin tsayawar yana da magana. Idan kile ne ya lalace, fayil guda ne ya lalace, kuma kullum a kansa za a yi tuntuɓe, lamba ɗaya. Idan wurin yana yawo, abin da ke ɓata bayanan a hanya yake.

Na tashe ta da Memtest86+. Wannan manhaja ba ta buƙatar Windows, aikinta kawai ta rubuta lambobi a kowane lungu na RAM ta karanta ta gwada. Ba a jima ba jajayen layuka suka fara sauka a ƙasan allo, kowane layi yana nuna adireshi, da abin da aka rubuta, da abin da ya dawo. Bambancin ƙanƙani ne, bit ɗaya ya juye, wato sifili ya zama ɗaya ko ɗaya ya zama sifili. Saurayin yana tsaye a bayana, na ce ya matso ya gani da idonsa.

"Malam, wanga ja ɗin shi na virus ɗin?"

"Babu virus, ƙanena. RAM ta. Ko sau ɗari kay yi fomat, nan za ka dawo."

Sai rarrabewa. Na kashe, na zare batiri, na ciro baret ɗaya na bar ɗaya. Na farko, mai ɗauke da lambar kayan kamfanin da ya ƙera injin, ya kwana ana gwada shi bai ba da ja ko ɗaya ba, a ramin farko da na biyu. Ɗayan, wanda takardar jikinsa ba ta da sunan wani kamfani da na sani, yana hawa ja ke zuba, a kowane rami. Na goge haƙoransa na zinariya da abin goge fensir da ɗan alkol, na hure ramukan, domin ƙurar hunturu takan shiga ta hana haɗuwa, kuma sau da yawa wannan kaɗai ke warkar da inji a garin nan. Bai warke ba. Ramuka lafiya, allon uwa lafiya, baret ɗin ne.

Yadda ya shiga injin ba boyayye ba ne. Da 4 GB ta zo daga Turai, wani a hanya ya ƙara mata baret don a rubuta 8 GB a takardar farashi. Ba lalle ne ya san ya lalace ba. Ya sa, ta tashi, ta nuna takwas, shi ke nan. Mai saye ma iyakar abin da yake dubawa ke nan.

Me ya sa injin ya yi watanni yana lallaɓawa, amma ya kasa girka Windows ko sau ɗaya? A aikin yau da kullum, gurɓatattun wuraren ƴan kaɗan ne, sai an yi rashin sa'a wani abu mai muhimmanci ya sauka a kansu: yau yankin Windows, sai shuɗin allo, gobe yankin takardar da ake ajiyewa, sai fayil ya lalace. Girkawa kuwa ba ta yafiya. Fayilolin Windows a matse suke cikin babban ƙunshi guda, install.wim ko install.esd, a cikin RAM ake warware su, gigabait bayan gigabait, kuma kowane fayil yana da lambar tantancewa da ake gwada shi da ita. Bit ɗaya ya sauya, lamba ta ƙi daidaita, aiki ya tsaya. Shi kuwa saƙon da ke fitowa maganar fayiloli yake yi, sai mutum ya bi kile da diski da zargi.

Batun rana tsaka ma yana da tushe. Kowane bit a RAM ɗan caji ne da ke tsiyaya, dole a riƙa sabunta shi. A DDR4, irin RAM ɗin wannan inji, ana zagaye su duka cikin kashi 64 na dubu na daƙiƙa. Zafi yana hanzarta tsiyayar, kuma raunanan wurare su ke fara kasawa. A Tahoua cikin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, ga shi kuma na tarar da ƙura ta toshe ƙofar fankar injin, man da ke kan firosesa ya bushe ya zama gari. Na wanke, na sa sabon mai.

Girkawar ƙarshe ba ta da labari mai tsawo. Kuɗin da yayansa ya turo daga Yamai ba su isa SSD da sabon baret tare ba, sai an zaɓa. Na ba da shawarar SSD na 256 GB, tun da wannan ƙirar tana da ramin M.2 na SSD ban da wurin diski mai juyawa. Windows 10 a kan 4 GB da SSD ya fi shi a kan 8 GB da tsohon diski saurin amsawa a aikin rubutu, kuma hakan ya ba mu damar barin tsohon diskin a ajiye ba a taɓa shi ba har a kare memwar, ko da za a tuna da wani abin nema. A saitin injin da ake shiga da F10 na kashe Legacy na kunna Secure Boot, kariyar tashi ta UEFI, na haɗa injin da ondilar, akwatin da ke riƙe wuta, saboda batirin ba abin dogaro ba ne idan wuta ta tafi a tsakiyar aiki. Ta girku tiryan-tiryan.

Ba a sayi lasisi ba, ba a kuma saci ba. Tun daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanoni a cikin allon uwa suke dasa lambar lasisi. Mai girkawa ya karanta ta da kansa ya zaɓi Pro, kuma da aka haɗa da intanet ta kunnu. Injunan ofis da yawa da ke kasuwarmu haka suke, ana ta cusa musu manhajar sata alhali da lasisinsu na halal a ciki. Sabuntawar farko a layin shago aka yi ta, sannan na nuna masa yadda zai sa wa Wi-Fi ɗin wayarsa alamar layi mai iyaka, don kada Windows ya cinye masa forfen data cikin dare ɗaya.

Ya so Windows 11, kamar kowa. Sharuɗɗansa tun fitowarsa a Oktoba 2021 sun haɗa da guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesan Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, ban da ƴan kaɗan na bakwai. Tasa ta shida ce. Rufus yana iya tsallake binciken, kuma mutane suna yi, amma Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan injuna ba. A ganina mai memwar a hannu ba shi da lokacin gwaje-gwaje, don haka Windows 10 22H2 muka sa. Na kuma gaya masa gaskiya cewa tallafinsa zai ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma bayan ya kare aikinsa sai ya zaɓa tsakanin Linux Mint, tsarin kyauta da ke maye gurbin Windows, wanda ke tafiya sumul a kan irin wannan inji, da Windows 11 na tsallake.

Saurayin ban ɗauke shi macuci ba. Ya mayar da kuɗi ba a roƙe shi ba, ya zo da aka kira shi, ya tsaya ya kalli gwajin har ƙarshe. Laifinsa guda ne mai nauyi, goge diskin mutum ba tare da ya tabbatar da kwafin ba. Sauran rashin sani ne, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa. Kafin ya tafi na haɗa masa kile da Ventoy, wanda ke ɗaukar fayilolin girkawa na ISO da yawa a wuri guda kuma yana tashi ta hanyoyin biyu, na sa masa Windows na asali da Memtest86+ a ciki. Ɗalibin dai har yanzu ba ya amsa gaisuwarsa da daɗi.

An kare memwar a zangon da aka tsara, bayan ya sake rubuta ƙarshen babi na uku da jerin littattafai. Daga baya ya kawo baret na 4 GB da ya saya, muka gwada shi da Memtest86+ a gaban mai sayarwa kafin a biya. Tsohon diskin an goge shi an bar shi a akwatin USB, a nan yake ajiye kwafin aikinsa yanzu, da wani kwafin a Google Drive. A Nuwamba ya dawo muka sa Linux Mint a gefen Windows 10, wanda ya bari saboda Word.